Motar da Ta Bi Auduga

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu na bayan Hasahisa, ni da ɗan kawuna da mahaifiyarsa. Bikin suna za mu je Mai Wurno, can gaba da Sinnar, amma kowa a gida ya san ba sunan kaɗai ya fito da mu ba. Ɗan kawun nawa ya yi shekaru yana aiki a Jidda, har inji ya taɓa masa hannun hagu, yatsun suka daina riƙe abu da ƙarfi. Duk abin da ya tara ya zuba a wata motar lantarki ta hannu, don an ce masa tana da ido a gilashin gaba, tana ganin farin layin titi, tana riƙe sitiyari da kanta. Da ita yake son ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Madani da Sinnar ya ci da iyalinsa. Wannan tafiyar ita ce gwaji.

Tun kwana biyu kafin tafiyar motar take shan wuta daga farantan solar injin ban-ruwa. Da muka tashi, ko kajin ƙofar gida ba su motsa ba, don ba su ji mu ba. Tsohuwa a baya ta ce ita motar da ba ta tari ba ta yarda da ita ba. Muka wuce dogon layin masu jiran mai, mai mota yana ta murmushi kamar ango.

A Madani muka karya da ful, wato dafaffen wake, da ya sha man riɗi, muka bi da gahawa mai citta. Burodin ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Kafin mu gama mutane sun kewaye motar, wani dattijo har da durƙusawa yana neman inda hayaƙi ke fita.

Bayan Madani akwai inda kwalta take da kyau, layinta fari tas. Nan ɗan kawuna ya danna wani maɓalli ya sassauta hannu. Wallahi da idona na ga sitiyari yana juyawa shi kaɗai a kwana. Inda layi ya goge kuwa, sai ta yi ƙara ta sakar masa tuƙin. Na ce to madalla, ashe in ba ta gani ba tana faɗa. Har na fara sakin jiki.

Lokacin tsinkar auduga ne. Gonaki sun yi fari, kekunan jaki suna ta ɗauko buhuna suna bin gefen titi. Duk buhun da ya yage yana tafe yana zubarwa, har audugar ta kwanta a bakin kwalta, siririya, doguwa, fara fat. Mu da muka tashi a nan Jazira, yankin noman auduga, ba ma ko kallonta.

Gab da wata mararraba wani mai keken jaki da ke tahowa ya ɗaga mana hannu. A wajenmu ba a barin gaisuwa ta faɗi ƙasa, ba a kuma amsa ta da hagu. Ɗan kawuna ya ɗaga hannun dama, mai lafiyar, ya bar sitiyari a hannun da ba ya riƙo. A daidai nan ne kekunan ke sauka daga kwalta su bi bakin babbar tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki. Audugar ta karkata ta bi su. Motar ma ta karkata ta bi audugar.

Ba ta yi ƙara ba. Wannan ne abin da har yau yake tayar mini da hankali. Lafiya lau ta juya da mu, kamar ta san inda za ta. Na ga yatsunsa na hagu suna zamewa, na ga ba komai a gaban gilashi sai ruwa, na ji tsohuwa ta kurma salati. Ya taka burki da iya ƙarfinsa, ni kuma na fizgo sitiyari. Muka tsaya tayar gaba tana kan gaɓa, ƙasa tana zubewa cikin ruwa. Sai a lokacin motar ta tuna da ƙararta.

Mai keken ya iso da gudu. “Ya zol, bawan Allah, mi ya same ka? Barci ka kai?”

“Gaisuwarka na amsa,” in ji ɗan kawuna.

Masu tsinka suka fito daga gona suka tura mu baya, suka ba tsohuwa ruwa. Mun je sunan, an ci tuwo da naman rago, an yi addu'a, amma ban san ɗanɗanon komai ba. Ko madatsar Makwar da nake ɗokin sake gani, mun wuce ta ban ɗaga kai ba.

Washegari a hanyar dawowa ɗan kawuna bai taɓa maɓallin ba. Hannu ɗaya ya yi tuƙin tun daga Mai Wurno, duk wanda ya gaishe mu ni nake amsawa ta taga. Muna isa gida aka miƙo masa shayi, hannun ya kasa ɗaga kofin saboda gajiya.

Abin da na koyo shi ne, wannan na'ura fari kawai ta sani, ba ta san fenti daban auduga daban ba, kuma ta fi haɗari a inda take ganin ta gane hanya. Wanda zai hau ta sai mai hannu biyu da zai ƙwace tuƙi a kowane lokaci, wato wanda tun farko ba ya bukatarta.

Mahaifiyarsa ce ta yanke maganar, tana zaune a tabarma ko mayafi ba ta cire ba. “Ni na haife ka, in ka kai ni cikin tur'a na yafe. Ɗiyan mutane kau, ba da yawuna ba.”

Bai yi musu ba. Ya dubi motar a tsakar gida, sannan ya juyo ya ce da ni, “Yaya, in ka san direba mai amana, ka turo min shi.”