Sifikun da Na Saya Saboda Yayan Mijina

Duk wanda na koyar a firamare a Kafanchan zai faɗa maka ba na manta laifi. Ina iya yin shiru shekara guda, har mutum ya ɗauka na haƙura, alhali ina nan ina jiran rana.

Marigayi mijina shi ne shugaban mawaƙan cocinmu. Muryarsa mai kauri ce, irin wadda kake ji a ƙirjinka kafin kunne ya kama ta. Da ya rasu, abin da ya rage mini na muryar kaset ɗaya ne tak, waƙa uku, da aka ɗauka ranar godiyar girbi da wata babbar rediyo mai makirufo biyu. A gida ina jin sa a tsohuwar rediyonmu mai sifika ɗaya, komai a cakuɗe, amma ina ji.

Da ya cika shekara da rasuwa, muka je ƙauyensu bayan Godogodo yin addu'ar tunawa. Yayansa yana ba da hayar lasifika a bukukuwa, yana da wasu guda biyu da kowace ta kai tsayin ƙofa. Ya karɓi kaset ɗin a hannuna, ya ƙure ƙara. Abin da ya fito ba waƙa ba ce. Gurnani ne da zuza, ga wata murya tana ƙugi tana kauce wa layi. Yara suka fara dariya, manya suka kama. Sai ya ɗauki makirufo ya ce, "Kun ji ƙanena. Allah ya ba shi hutawa, amma bai taɓa sanin bambancin waƙa da kukan kwaɗo ba."

Aka ce mini wasa ne tsakanin wa da ƙani. Wane wasa da mutumin da ba zai iya ramawa ba? Na karɓi kaset ɗina na jefa a jaka. Tun a cikin mota na ƙudura cewa sai wannan mutum ya haɗiye maganarsa a gaban mutanen da suka yi dariyar.

Bayan na sayar da cittar da na noma a wajen Kachia, na nufi shagon wani mai kayan wuta kusa da layin dogo. Mahaifinsa ya zo garin ne da aikin jirgin ƙasa, shi kuma a nan aka haife shi. Na gaya masa ina son lasifikar da idan na kunna a Kafanchan za a ji a Godogodo. A lokacin dabarata ke nan, in sayi wadda ta fi ta yayan mijina ƙara.

Ya dube ni ya ce, "Mama, ƙara kike so, ko kina so ki ji mutum?"

Ya sa na koma gida na ɗauko kaset ɗin, don a cewarsa ba a zaɓen sifika da waƙar mai shago, sai da waƙar da ka haddace. Ya shigar da ni ɗakin ciki inda yake ajiye na gwanjo masu kyau. Na farko dogaye ne masu ƙyalli da fitilu, kuma su idona ya fara so. Sun girgiza mini ƙirji, amma mijina ya nutse a cikinsu. Na biyu kaifi gare su, muryoyin mata suna soke kunne. Na uku wasu gajeru ne na katako, gefen ɗaya ma ya ɗan kwarje, ga nauyi kamar turmi. Na ce masa ban ga abin burgewa a nan ba. Ya ɗauko tef ɗin awo, ya raba su, ya ajiye kujera daidai tsakiya, ya ce in zauna in rufe ido.

Sai ga mawaƙan sun tsaya a gabana kamar yadda suka tsaya ranar. Mata a tsakiya. Mijina daga dama, tsaf, har ina jin yadda yake jan numfashi kafin ya shiga baiti. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ina cikin share fuska sai na ji kwaɗon. Daga hagu yake fitowa, shi kaɗai a gefensa, kuma na san muryar. Nan na tuna ranar girbin, yadda yayan mijina ya kutsa cikin mawaƙa ba tare da ya taɓa zuwa koyon waƙa ba, ya tsaya a ƙarshen layi dab da rediyon. Kuka ya koma dariya, har mai shago ya tambaye ni ko lafiya.

Wata biyu na jira. A danginsu, washegarin Kirsimeti 'yan'uwa sukan zo gaida matar mamaci, kuma babban wa shi ake ba kujerar maigida. Mai shagon da kansa ya zo ya haɗa mini kayan a falo, ni kuma na ja kujerar mijina na ajiye ta daidai inda tef ya nuna.

Suka zo da rana, falo ya cika, har da dattawan coci biyu da na gayyata da gangan. Yayan mijina ya zauna ya miƙe ƙafa, ya harari sifikun, ya ce an cuce ni, waɗannan ko kaza ba za su kora ba. Na ba shi kunu da hannu biyu, na durƙusa kamar yadda aka saba. Sannan na kunna.

Ƙanwarsu ta dafe baki da ta ji ɗan'uwanta daga dama. Da aka shiga baiti na biyu kwaɗon ya ɗaga murya, na ga kawuna suna juyawa hagu ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ce ta yi mini aikin, ita da ta fi kowa sanin wannan ƙugin.

"Baba, ai kai ne wannan," ta ce.

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi mini daɗi. Ya ajiye kofin kunu a ƙasa. Waƙa ta ƙare. Ya daɗe yana kallon sifikar dama, idonsa ya yi ja. Can ya ce a hankali, "Matarmu, ki cire mini ta hagun nan. Bari in ji ƙanena."

Na san yadda ake yi, waya ɗaya ce a baya. Idan ni kaɗai ce a gida kullum nakan zare ta in zauna da mijina. Na tuna dariyar Godogodo, na duba zuciyata ko zan sami tausayi, ban samu ba.

Na ce masa, "Baba, ka gyara zama. Saura waƙa biyu."