Hannun da Baba Yake Cin Tuwo da Shi

A ƙofar gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, dattawa biyar ne suke ciyayya bayan magariba tun ban san kaina ba. Kowa a fito masa da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Wata shekara, ana tsakiyar ban ruwan alkama, sai mahaifina ya daina fita. Ya ce wai ba ya jin yunwa da wuri. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, har matata takan ce aikin ɗan sanda ya kamace ni, ba koyarwa ba. Wata rana na leƙa ɗakinsa, na tarar ya juya wa ƙofa baya yana cin tuwo da hagu.

Ashe hannun damansa ne ya ƙi kaiwa baki. Ciwon yakan taso daga kafaɗa, ya tsaya a gwiwar hannu, ya gangara har wuyan hannu. Shi kuma gara ya kwana da yunwa da a gan shi ya sa hagu a kwanon jama'a. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna masa ba, don ba ya so.

Maɗorin garinmu ya lalluba hannun, ya ce, "Babu karaya, babu targaɗe. Ni abin da ya karye nake ɗorawa." Daga nan wani abokin aikina ya kwatanta mini wani likita a Kano mai gyaran gaɓoɓi da hannu, ba allura ba tiyata.

Da muka je, abin da ya fara ɗaure mini kai, likitan bai kula gwiwar hannun ba. Wuyan Baba ya shiga dannawa, da allon kafaɗa.

Baba ya ce, "Likita, ai ba nan ba ne."

"Na sani, Baba. Me hannun nan yake yi tun safe?"

Baba ya yi masa bayanin ban ruwa. A wajenmu da lanƙwasasshen bututun roba ake jan ruwa daga kanal zuwa gona. Ka tsoma baki ɗaya a ruwa, ka toshe ɗayan da tafin hannu, ka yi ta fizga har ruwa ya kama. Ka ajiye, ka ɗauki na gaba. Baba ya fi shekara talatin yana wannan fizgar.

Likitan ɗan birni ne, bai taɓa gani ba. Ya ce don Allah mu zo masa da bututun. Mako na gaba muka shiga motar haya da shi, fasinja suna tambaya ko bututun ne ba shi da lafiya. Aka kawo bokitin ruwa, ni na yi fizgar, likita ya dafa kafaɗata yana jin abin da ke motsi. Da ruwa ya kama ya jiƙa masa takalmi, sai ya ce a sake, yana murna kamar ya tsinci kuɗi.

Na kasa haƙuri na tambaye shi me ya haɗa wuya da ciwon hannu. Ya ce jijiyoyin hannu daga wuya suke tasowa. Baba ya riga ni ganewa. Ya ce, "To, idan ruwa bai kai ƙarshen gona ba, ai sama ake zuwa a duba."

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ciwon zai yi sauƙi, amma hannun ba zai koma sabo ba, kuma idan aka ci gaba da fizga da shi, aikin banza za mu yi. Baba ya ce, "A bar wa hagu bututu."

Haka dattijo mai furfura ya koma koyon ban ruwa da hagu. Ya yi ta fizga ruwa yana ƙin kamawa, maƙwabtan gona suna yi masa tsiya, yana rama musu. A gida kuma kullum da safe yana tafiya da yatsunsa a jikin bango kamar yadda aka koya masa, Inna tana tambayarsa ko ƙadangare ya koma. Ni nake sa masa alama da gawayi a inda yatsun suka kai, ina mamakin yadda take ɗan hawa.

Bayan wata biyu da wani abu, ya ce a fitar masa da kwanonsa. Na tsaya a zaure ina kallo. Ya yanko loma da dama, ya ɗaga, hannun ya zo daidai haɓa ya tsaya. Ban taɓa ganin mahaifina ya sunkuyar da kai a gaban mutane ba. Ranar ya sunkuya, ya kai bakinsa wajen hannun.

Ba wanda ya dube shi. Hirar tsutsar tumatir suke yi, suka ci gaba da abarsu. Babban cikinsu ne kawai, ba tare da ya katse maganarsa ba, ya tura kwanon gaban Baba kaɗan, ya ce, "Malam, sa hannu sosai, ka bar mu da kewar miyar gidanka kwana da kwanaki."

Baba ya sake yanko wata lomar.