DJ Ɗin Da Ya Cika Tambaya

Wata rana, saura mako uku a yi bikin ƙanwarta Mardiyya, wata mata mai suna Suwaiba ta shiga neman DJ a cikin garin Katsina.

Ita ce babba a ɗakinsu, don haka duk hidimar a kanta take. Ta kama hol, ta gama da masu abinci, anko ya fita. Mai kiɗan ranar kamu kaɗai ya rage.

Ta gwada mutum biyu. Na farko ya turo mata bidiyo sun kai goma, a kowanne shi ne a gaban kyamara yana rawa, ko amaryar ba a gani. Na biyu ya ce zai zo bayan La'asar su yi magana. Ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Sai wata malama da suke koyarwa tare ta ba ta lambar wani wai shi DJ Kallamu.

Ta kira shi. Ta zaci da maganar farashi zai fara kamar sauran, sai ya ce yana da 'yan tambayoyi tukuna.

Sunan amarya. Sunan ango. To, wannan ba komai.

Daga nan ya tambaya ko mahaifin amarya yana raye. Ko an yi rasuwa a gidan kwanan nan. Ko akwai wanda ya taɓa neman amaryar aka fasa, in akwai mene ne sunansa. Dangi daga waɗanne garuruwa za su zo, kuma ƙarfe nawa za a baro gida zuwa hol.

Suwaiba ta cire wayar daga kunnenta, ta tsura wa lambar ido.

Ta ce masa za ta sake kira, ta kashe.

Gabanta ya faɗi, kuma tana da dalili. Watan da ya wuce a unguwarsu aka shiga wani gidan biki da rana tsaka, lokacin kowa yana hol, aka yi gaba da akwatunan lefe. Ana ta raɗe-raɗin cewa cikin ma'aikatan bikin ne wani ya ba da labarin lokacin da gidan zai zama babu kowa.

Ga kuma maganar tsohon manemi. Gaskiya ne, akwai wani da ya nemi Mardiyya shekara biyu aka rabu ba daɗi. Ta ina wannan mutumin ya san ya tambaya? Ko abokinsa ne? Ko turo shi aka yi ya zo ya ɓata taro?

Ta buɗe shafinsa ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Amare, angwaye, 'yan rawa. Fuskarsa babu ko a ɗaya. Wannan ma bai kwanta mata ba.

Ta koma wajen malamar da ta haɗa su. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce haka yake, ya cika tambaya kamar ɗan sanda, amma aikinsa ba a magana.

Mijin Suwaiba ya ce ta rabu da shi kawai. Sai dai bikin ya faɗo makon bayan Sallah, duk wanda ta kira an riga an kama shi.

Ta yanke shawara ta je ta gan shi ido da ido. Kafin ta fita ta faɗa wa mijinta inda za ta. A cikin Keke Napep kuma ta shirya ƙaryar da za ta yi: in ya sake tambayar lokacin barin gida, za ta ba shi na bogi, ta ƙara da cewa akwai maza huɗu da ke zama a gidan.

Shagon ɗan ƙarami ne a wajen Ƙofar Ƙaura, an jera sifiku har kusa da rufi. Ta zaci za ta tarar da matashi mai askin banza da sarƙa a wuya. Sai ta ga magidanci da furfura a gemu, yana zaune a kan benci yana gyaran waya.

Ya gaishe ta, ya share mata kujera, ya jawo wani littafin rubutu ya buɗe.

Idonta ya sauka a kan shafin. Sunayen mutane ne jere, gida gida. Wasu an ja musu layi, wasu an zagaye su da jan biro.

Nan haƙurinta ya ƙare.

"Malam, kiɗa muka ce ka sa mana. Me ya haɗa ka da sirrin gidanmu?"

Bai ɓata rai ba. Ya ajiye biron.

"Hajiya, saura tambaya ɗaya, in kin amsa sai ki yanke hukunci. Ranar kamu, idan na ɗauki makirfo na ce uwar amarya ta fito fili, mace nawa ce za ta miƙe?"



Mardiyya ba cikinsu ɗaya da Suwaiba ba. 'Yar kawunta ce. Tana da shekara biyu auren iyayenta ya mutu, mahaifiyar Suwaiba, Hajiya Kubura, ta ɗauko ta ta goya. A bayanta ta yi ƙyanda, a hannunta ta yi sauka, ita take kira Mama.

Amma wadda ta haife ta tana nan da ranta. Lantana. Tana aure a Malumfashi, tana sayar da ƙosai a ƙofar gida. An aika mata da kati da anko, ta ce tana nan zuwa.

Wata uku Suwaiba tana tsara bikin nan, har kalar ƙyallen tebur ta zaɓa, amma wannan bai taɓa faɗo mata a rai ba.

Sai Kallamu ya ba ta labari a hankali. Ya ce farkon shigarsa sana'ar, a wani biki ya kira uwar amarya, mata biyu suka miƙe. Wata daga cikin dangi ta ɗaga murya ta ce wa ɗayar ta koma ta zauna, ba ita ake nufi ba. Hol ya yi tsit, kowa ya ji. Matar ta ja mayafinta ta fita, ko jakarta ba ta ɗauka ba. Amaryar ta wuni tana kuka, kuma shi ne ya riƙe makirfon.

Ya ce tun daga ranar ba ya karɓar biki sai ya san gidan. Sunayen da ya zagaye da ja, waɗanda bakinsa ba zai furta ba ne: mamaci da ba a daɗe da binnewa ba, mijin da aka rabu da shi, saurayin da aka fasa. Lokacin barin gida kuwa, don ya san sa'ar da dattawa za su iso ne, ya rage ƙara kafin su shigo.

Suwaiba ta ji kunya ta rufe ta. Ƙaryar da ta shiryo a Keke kuwa ba ta faɗe ta ba. Ta ce ya ba ta zuwa gobe.

Daga shagon gidan mahaifiyarta ta wuce. Ta same ta tana tsince shinkafa, ta zauna ta maimaita mata tambayar kamar yadda aka yi mata.

Hajiya Kubura ta ɗago kai. Ta ce a gaya wa mai kiɗan ya fara kiran Lantana. Ita shekara ashirin da biyu ana ce mata uwar Mardiyya, ba za ta yi rowar yini ɗaya ba.

Ranar kamu ta zo. Hol ya cika.

Da lokaci ya yi, Kallamu ya sassauta kiɗa ya ce amarya ta yi dace, Allah Ya ba ta uwa biyu. Ya kira Hajiya Lantana daga Malumfashi, wadda ta haifa.

Ba wanda ya miƙe.

Lantana tana can layin baya kusa da ƙofa, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta zaci za a ambaci sunanta ba, balle har a ce mata Hajiya.

Mutane suka fara waige-waige. 

Kallamu bai sake kira ba, bai cike wurin da surutu ba. Ya bar kiɗan yana tafiya ƙasa-ƙasa.

Sai Hajiya Kubura ta dafa kujera ta tashi. Da ciwon gwiwarta ta ratsa hol ɗin tun daga gaba har ƙarshe, ta kama hannun Lantana, ta ɗago ta.

Tare suka taho. Kafin su iso fili amarya ta sauko daga kujerarta ta tarye su a hanya, ta rasa wadda za ta fara runguma, sai ta haɗa su duka biyun.

A lokacin ne Kallamu ya saki kiɗan.

Darasi:

Yi bincike kafin ka miƙa wa baƙo taronka, wannan dole ne. Amma ba kowane mai tambaya ne mai mugun nufi ba. Wanda ya karɓi makirfo bai tambaye ka komai game da gidanku ba, shi ya fi cancanta ka ji tsoro. Sifika kowa yana iya saye. Sanin sunan da za a kira da wanda za a bari, shi ne sana'ar.

In kana da 'yar uwa ko aboki da ke shirin biki, tura masa wannan kafin ya kama DJ.