Ranar da Aka Zo Yanka Guntuwa

Duk wanda ya daɗe a Tudun Wada ya san Malam Nagoda, in ma bai san fuskarsa ba to ya san ƙarar motarsa. Ni kam na san su fiye da yadda nake so. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, kuma shagon ɗinkina yana daidai bakin lungun gidansa. Shekara da shekaru hayaƙin motar nan yana shiga ɗinkunan mutane da na rataye, ina yi masa tsiya yana dariya.

Motar tsohuwar jif ce gajera, irin masu shiga daji, wadda duk tayoyinta huɗu suke ja in an sa mata giyar ƙarfi, wato ogzilari. Tsakanin tayar gaba da ta baya babu wani nisa, shi ya sa muke ce mata Guntuwa. Tun yana direba a wata ma'aikatar gona yake tuƙa ta, da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin motoci, ya saye ta ya kawo gida. Da ita ya aurar da 'ya'yansa. Da damina, in hanyoyin ƙauyukan bayan Dutsen Abba suka zama kunu, babu mai shiga sai ita. Ta kai taki, ta ɗauko masara, ta fito da mara lafiya, wani lokacin har amarya da 'yan rakiyarta.

Amma fa Guntuwa ba kowa take yarda da shi ba. Sitiyarinta babba ne kamar murfin tukunyar biki, ba irin na motocin yanzu da ake juyawa da ɗan yatsa ba. In tana tsaye, ƙato ma sai ya yi nishi kafin ya murɗa shi. In tana tafiya kuma akwai wasa a cikinsa, sai ka karkata shi kusan tafin hannu kafin tayoyin su san da su ake. Ga tsalle, saboda gajarta gaba da baya kusan tare suke faɗawa rami, fasinja ya sha rufi da ka. In tayar gaba ta daki dutse kuwa, sitiyarin da kansa yake fizgewa, wanda ya zura babban yatsa a cikin zoben sai ya nemi mai ɗori.

Nagoda ƙaƙƙarfa ne, kuma yana ji da ƙarfinsa. Kullum maganarsa ɗaya: "Guntuwa ba ta san lallashi ba, damtse ta sani." Haka yake tuƙa ta, ya damƙe sitiyari da hannu bibbiyu, jijiyoyin wuyansa a tsaye.

Bara ne ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka yi ta asibiti da gashin ƙashi, Allah ya kawo sauƙi. Baki ya miƙe, ƙafa ta dawo sarai, hannun ne ya dawo rabi: yana riƙe kofi amma ba ya iya matse lemo. Likita ta ce ya koma harkokinsa, motsi ne maganin abin da ya rage. Ina! Nagoda ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ba motar baya, ya daina fita ko ɗaurin aure. In na shiga na tsokane shi sai ya ce, "Haka ne" kawai. Wallahi wannan "haka ne" ta fi ba ni tsoro a kan faɗuwar da ya yi.

Matarsa Kulu ta tare ni a soro wata rana tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Mutumin nan ba ciwo ne zai kashe shi ba, zama ne. Yanzu kuma ya aika unguwar Kwangila wai 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su zo su tafi da motar su yanka. Ranar da ta bar lungun nan, ka rubuta ka ajiye, ba zai ƙara tashi ba."

Na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Ya ce, "Taubashi, da wane hannun? Gara a yanka ta in huta da ganinta."

Da hantsi 'yan gwangwan ɗin suka zo, da batir da fetur a jarka. Babbansu wani ƙosasshe ne mai suna Kailani. Guntuwa ta yi tari, ta yi tari, ta kama, hayaƙi ya turnuƙe min shago kamar yadda ta saba. Saura fitar da ita. Lungun namu matsattse ne, kwata hagu da dama, ga kwana a bakinsa. Kailani ya hau ya kama murɗa sitiyari mota na tsaye, har gumi ya jiƙa masa riga. Da ya gaji sai ya taka totur da fushi. Tayar gaba ta daki bakin kwata, sitiyari ya fizge, sai ihu muka ji, ya diro yana yarfe hannu. Ashe yatsa ya sa a cikin zoben sitiyarin.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Oga, a ɗauko wutar walda kawai a yanka ta a nan, mu kwashe gunduwa-gunduwa."

Sai na ji motsi a bayana. Nagoda ne a tsaye a ƙofar zaure. Ya ce, "Ba dai a ƙofar gidana ba. Ku matsa, in fitar muku da ita bakin titi."

Ya hau, ni ma na faɗa kujerar gefe. Na ce, "In za ka jefa ta a kwata, gara a samu shaida daga dangi." Ko kallona bai yi ba. Hannun dama dole yana kan giya, sai ya ɗora na hagun a kan sitiyari ya gwada murɗawa. Ko gezau. Na ga fuskarsa ta mutu, zuciyata ta yanke. Ya kai hannu zai kashe mota, ƙafarsa ta ɗan sassauta a kan kuloci, Guntuwa ta soma rarrafe. Tana motsawa sitiyarin ya bi raunannen hannun nan, ya juyo sannu a hankali.

Nagoda ya dubi hannunsa kamar na aro. Ya sake barinta ta rarrafa baya, ya murɗa, ta bi. Ya yi gaba, ta bi. Muka zagaye kwanar ko bangon shagona ba mu shafa ba. Da muka fito na ce, "To ga titi, tsaya." Sai na ji ya sa giya ta biyu.

Muka wuce Agoro, muka bi ta Ƙofar Doka, muka ɗauki hanyar Dutsen Abba, shagona a buɗe, 'yan gwangwan a tsaye a lungu. Da muka sauka daga kwalta muka shiga jar hanya, an kwana ana ruwa, na fara salati a ɓoye. Amma tun da nake shiga motar nan ban taɓa jin ta tafi lami lafiya kamar ranar ba. Ba shi da ƙarfin da zai damƙe ta, dole ya riƙe sako-sako. Tayoyin suka riƙa bin sawun hanya da kansu, sitiyari ya yi 'yar rawarsa a tafinsa ya dawo, shi kuma sai dai ya ɗan taɓa ta in za ta kauce.

Can ya ce, "Taubashi, ka ga abin kunya? Ashe duk shekarun nan kokawar banza nake yi da ita."

Na ce, "Ai mun daɗe da sanin ƙarfin ne kawai gare ka."

Ya tuntsire da dariya, irin tasa ta da, wadda ake ji daga masallaci. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ban ma ɓoye ba.

A gaban wani rafi ya tsaya ya sa ogzilari. Ruwan ya kai gwiwa, gangaren ƙetare laka ce zalla. Muka shiga. A tsakiyar hawa gindin motar ya zame zai wuce kanta, na ƙanƙame ƙofa. Nagoda bai fizga ba, ya bar sitiyarin ya zagaya ta inda take zamewa, ya ƙara mata wuta kaɗan, ta miƙe ta haye tana watsa taɓo. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Mutanen ƙauyen da ke ƙetaren rafin sun gane ƙarar tun daga nesa. Kafin mu tsaya an firfito, mata na guɗa ta kan darni, maza na cewa, "Nagoda ya tashi! Nagoda ya tashi!" Wani dattijo ya riƙe masa hannun nan na hagu yana girgizawa, ya ce masararsu tana jibge tana neman tsirowa, babu motar da ta yarda ta shigo.

Bayan azahar muka dawo. Nagoda ya ba 'yan gwangwan haƙuri, ya mayar musu da batirinsu, ya duba yatsan Kailani ya ce targaɗe ne, ya kwatanta masa gidan mai gyara. Kulu tana tsaye a soro tana kallonsa. Ya naɗe tabarmar zauren da kansa ya miƙa mata.

Ya ce, "Shiga da wannan ciki. Gobe kuma ki tashe ni da wuri, ina da aiki."