Mai Fenti da Bangon da Ke Gumi

Shekara arba'in da ɗaya Mai Fenti ya yi yana hawa tsani, har mutanen layinsu suka manta yana da wani suna. Ɗan siriri ne, ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya zo gidanka gaisuwa, bakinsa na tambayar lafiyar iyali, idonsa na kan kusurwar silin, kuma kafin ya tashi sai ya gaya maka wanda ya yi maka aikin nan ya cuce ka. A wurinsa babu ciwon bangon da shafe biyu ba za su warkar ba. In biyu sun gaza, a ƙara na uku.

Bangon ɗakin kwanansa ne ya ƙaryata shi. Shi da matarsa suna zaune a ƙasan wani bene mai hawa uku, tagar ɗakin na kallon bayan wani ginin, rana ba ta leƙowa ko da wasa. Da zarar ruwan sama ya kankama, sai a wayi gari gilashin taga yana gumi, ruwa na gangarowa har ƙasa. Bayan kabad fumfuna ta yi baƙi ƙirin, takalman da ke ƙarƙashin gado suka yi furfura. Sau shida ya shafe bangon nan cikin shekara huɗu. Kowane karo sai ya ja baya, ya riƙe ƙugu, ya ce, "To, yanzu ki fito mu gani." Ita kuwa fumfuna ba ta san kunya ba, bayan wata biyu sai ta fito.

Da abin ya tsaya a bango, da da sauƙi. Matarsa tana da asma tun ƙuruciya, bana kuma tari ya sa ta gaba, in ta hau matakala uku sai ta tsaya ta dafa ƙirji. Autarsu, wadda take aikin nas a wani asibiti can ɗaya gefen gari, ta zo wata Lahadi. Ta shinshina matashin kai, ta cusa hannu ƙarƙashin katifa, ta fito tana goge tafinta a riga.

"Baba, ɗakin nan ne ke cin ƙirjin Mama," in ji ta. "Ba fenti yake so ba. Ruwan da ke cikin iskar za a cire. Akwai na'urar da ke tsotse danshi, ka nemo. Zan tafi da ita gidana, ranar da ɗakin ya bushe in dawo maka da ita."

"Wato ƙwace min mata za ki yi da rana tsaka?"

"Aro na ɗauka, Baba."

Ya yi dariya don kada a ce bai yi ba, amma tsoro ne ya kama shi. Shekara talatin da takwas ba su taɓa raba ɗaki ba sai in haihuwa ta kai ta asibiti. Gidan Auta kuwa a hawa na huɗu yake, ga iska, ga rana, ga jikoki. Wa ya san ko tsohuwar za ta saba, ta ga babu abin da ta bari a baya sai wani tsoho mai taurin kai?

Washegari tun kafin a buɗe shaguna yana bakin titin masu kayan lantarki. A shago na farko aka nuna masa wata 'yar ƙarama, ba ta fi butar shayi ba, mai shagon na ta rantsuwa a kanta. Ya tambayi ruwan da take tsotsewa a yini, aka ce kofi guda.

"Kofi guda? Abin da nake matsewa daga tsumman taga da safe ya fi haka."

A na biyu aka turo masa ƙatuwa mai taya, irin wadda ya sha gani a wurin gini ana busar da sabon filasta. Da aka kunna ta sai da ya ɗaga murya kafin a ji shi. Wannan ai za ta busar da ɗakin, ta kori barcin mai ɗakin. Ya fita ko sallama bai yi ba.

A na uku ya tarar da wata mata mai tabarau, wadda maimakon ta yaba kayanta sai ta hau shi da tambaya. Girman ɗakin nawa? Nan ya ji an zo gidansa. "Mita huɗu da uku da rabi, tsayi uku. Galan ɗaya da rabi na fenti yake ci." Ana shanya wanki a ciki? Ya ce in ana ruwa, ina kuma za a shanya? Ɗakin yana da sanyi ƙwarai? Ya ce ba sanyi ba ne, laima ce.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Iri biyu ne. Akwai mai inji irin na firji, ba ta shan wuta sosai, ita ta dace da ɗakin da ba ya yin sanyin gaske. Akwai kuma wadda aka yi don ɗakuna masu tsananin sanyi, amma ta fi shan wuta. Ta ce mai tsotse lita goma sha biyu a yini ta ishe shi, sai dai kada ya ɗauki abin da aka rubuta a kwali da gaske, a gida da ƙyar zai ga rabinsa. Ta ce ya nemi wadda ke kashe kanta in tankin ruwanta ya cika, mai nuna lambar danshi a fuska. In lambar ta sauko wajen hamsin da biyar, an yi nasara.

"Ka rufe ƙofa da taga in tana aiki, ka janye kabad daga bango, ka wanke fumfunar. Kuma Baba, kada a shafa fenti a jiƙaƙƙen bango."

"Ni za ki koya wa wannan?" Ya ce da ita, alhali sau shida ya yi hakan.

Bai saya ranar ba. Ya koma gida ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya buga wa Auta waya har sau uku tana bakin aiki. Ya dawo Talata ya sa kunne a jikin na'urar kamar likita. Ya dawo Laraba ya ciro tankin, ya gwada ko hannun matarsa zai iya ɗaukarsa in ya cika. Mai tabarau ta ce, "Baba, ko mai neman auren 'yarka ba ka yi masa wannan binciken ba." Ranar ya ɗauko ta a kafaɗa, ya ƙi yarda kowa ya taya shi.

Da ya kunna ta, lambar ta nuna tamanin da huɗu. Kafin la'asar tanki ya cika. Ya tsaya yana kallon ruwan, garau da shi, ya rasa ta inda duk wannan ya ɓuya a ɗakin da yake kwana. Ya janye kabad, ya kankare fumfuna har kafaɗarsa ta yi tsami. Kullum da safe sai ya kira matarsa ya karanta mata lamba: saba'in da biyu, sittin da shida, sittin. Ita kuwa abin da take tambaya ɗaya ne, "Ka dai ci abinci?" Yana jin muryarta na washewa, yana murna, yana kuma jin haushin cewa a gidan wani take washewa.

Ranar kwana na goma sha biyu taga ta wayi gari a bushe, lamba ta tsaya a hamsin da huɗu. Auta ta ce Asabar za ta kawo ta.

Nan hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Bango ya bushe kam, amma kankarar ta bar shi dabbare-dabbare, nan toka-toka, can tsohon shafe ya ɓare. A ce matar mai fenti ta dawo daga jinya ta tarar da wannan? Ai mai tabarau jiƙaƙƙen bango ta hana, wannan kuwa ya bushe. Ranar Juma'a ya buɗe gwangwanin da ya daɗe yana ɓoyo, fentin mai ne mai sheƙi, shuɗi mai haske irin wanda take so. Ya yi shafe biyu lafiyayyu, ko ɗigo bai bari a ƙasa ba. Sannan ya rufe ƙofa da taga ruf, kamar yadda aka koya masa, don kada danshi ya dawo.

Asabar da hantsi mota ta tsaya. Matarsa ta fito da ƙafarta, ta hau matakala ba ta dafa komai ba, har tana tsokanarsa wai ya rame. Ya karɓi jakarta ya shige gaba, ya tura ƙofar ɗakin yana washe baki. Taku uku ta yi a ciki, tari ya sarƙe ta. Auta ta janyo ta waje da sauri, ta zaunar da ita a bakin ƙofar gida, ta sa mata abin shaƙa a baki.

"Baba! Fentin mai? A ɗakin mai asma, kuma taga a rufe?"

Ya ja iska da ƙarfi ta hanci. Ya sake ja. "Wallahi ban ji warin komai ba," ya ce, kuma gaskiyarsa ya faɗa. Hancinsa ya daina jin fenti tun Auta ba ta fara tafiya ba.

Auta ta dube shi, ta sauke faɗan da ta ɗauko. "Ka buɗe ƙofa da taga duka. Sati uku za ta ƙara a wurina, Baba. In warin ya fita ka sake kunna na'urar."

Shi da kansa ya koma ya ɗauko jakar da ya shigar, ya mayar da ita bayan mota. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Sai da aka tada mota matarsa ta sauke gilashi, numfashinta bai gama daidaita ba.

"Malam, na ga launin kafin tarin ya zo," ta ce. "Ya yi kyau."

Sai a lokacin ya ɗago kai ya dube ta. Motar ta tafi.