Takardun Mutum Tara, Daga Tajaye Zuwa Yamai

Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar Tajaye a bayan motar albasa, da takardunmu ƙulle cikin leda. Mu tara ne, direbobi da makanikai, wani kamfanin sufuri na Konni ya kore mu don mun nemi haƙƙin aikin ranar hutu. Shekara goma sha bakwai na yi ina jan motarsu. Mun faɗi a shari'ar farko, mun ɗaukaka ƙara mun sake faɗuwa. Kotun Ƙoli kaɗai ta rage, ni kuma aka wakilta don na taɓa lakwal, wato makarantar boko.

Ƙarfe bakwai muka shiga Konni. Na biya jikka uku a tasha, motar Yamai ba ta cika ba sai tara da rabi. Kafin Dogondutsi jandarma suka tsayar da mu. Ɗayansu ya latsa ledar.

"Mi ag ga ciki?"

"Shari'a ce, ranka ya daɗe."

"Da wa?"

Na gaya masa. Ya yi dariya, ya miƙo min abata.

A Dosso na ci shinkafa da wake na dala talatin. Kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, sai bayan la'asar muka ga Yamai. Na sauka gidan Hajiya Rabi, ƙanwar mahaifiyata.

Talata

Ƙarfe bakwai ina bakin kotun. Sai sha ɗaya na samu ganin magatakarda, wani dattijo mai tabarau. Bai wulaƙanta ni ba, har kujera ya ba ni. Ya dubi kwanan watan da ke kan hukuncin, ya ƙirga a yatsa.

"Malam, kun makara. Wa'adin shigar da ƙara ya wuce da kwana shida."

Na ce takardar ba ta iso hannunmu ba sai makon jiya. Buron kamfanin, wato ofishinsu, aka kai ta, don nan ne adireshinmu, suka ajiye ta a aljihun tebur.

"Kana da shaida?"

Ba ni da ita. Wa zai ba ni, su?

Da na koma, Hajiya ta ajiye min tuwo. "Ci, ɗana. Ka bar su da Allah." Na kasa kai loma uku.

Laraba

Ƙarfe shida muka taso, magariba ta yi mana a Tajaye. Huɗu daga cikin abokan korar suna zaune ƙofar gidana tun azahar. Baba Ila, tsohon makanikenmu da batir ya fashe masa a ido a garejin kamfanin, shi ya fara magana.

"Sun dai karanta abin da ya samu idona?"

"Baba, ko ledar ban gama kwancewa ba."

Sai ya ce in ba shi takardar likitansa, zai ajiye wa 'ya'yansa.

Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Rabi, da direban albasar da ya ƙi karɓar ko dala. Godiyata ta tsaya nan.