Jan Iri

Sau ɗaya tak mahaifina ya shuka irin geron da ba nasa ba, kuma ni na sa shi.

A ƙauyenmu, kusa da Maijirgi, ba a ɗaure dami a gonarmu sai Baba ya zaga. Yakan bi zangarniyoyin da aka yanke, ya ɗaga wannan, ya murza waccan, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Wadda ta yi masa sai ya ware ta gefe. Waɗannan su ne iri. A ɗaure su daban, a kai su ƙuryar rumbu, kuma duk inda yunwa ta kai ba mai taɓa su. Na tuna shekarar da muka yi makonni muna cin ganyen tafasa da ƙuli, irin nan yana rumbu, Inna ko kallon wurin ba ta yi. Gero ne mai doguwar zangarniya, ba ya jinkiri, ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan kai. Baba ya ce daga hannun kakansa ya fito.

Ni kuwa na yi lakwal, wato boko, na zama mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ina koyarwa a Tasawa. Duk takardar da ta shigo gidanmu, ta asibiti ce ko ta haraji, sai Baba ya naɗe ta ya sa a aljihu ya ce, “Bari mushe shi zo.” Ba zan ɓoye ba, wannan magana ta kumbura mini kai.

Wata ranar kasuwa, ana dab da faɗuwar damina, na tarar da farar mota da lasifika a bakin kasuwar Tasawa. Samari ne sanye da riguna kore iri ɗaya, da hoton zangarniya a ƙirji. Suna sayar da iri cikin ƙananan buhuna, a liƙe tsaf, da rubutun Faransanci, da hatimi, da lambar waya, da adireshi a Maraɗi. Ƙwayar ja ce jawur. Ban taɓa jin sunan kamfanin ba, amma na san ma'aikatan gona suna raba ingantaccen iri mai magani, kuma shi ma da launi yake zuwa. Sai na ce a raina, ai shi ne wannan. Babbansu, wani mai faɗin fuska da gilashi, da ya ji ina karanta buhun da ƙarfi, ya juya wurin jama'a ya ce, “Kun gani? Mai ilimi ya san abu.” Wannan yabon na saya, aka ɗora mini iri a kai. Na ɗauki wanda zai ishi gonakinmu duka.

Da na kai gida Baba ya zura hannu cikin buhu, ya fito da shi ja. Ya ɗauki ƙwaya zai kai baki, na riƙe hannunsa.

“Baba, akwai magani. Guba ce.”

Ya dube ni ya ce, “Irin da ba a sa ma haƙori, ƙaƙa za a san shi?”

Na ce ai an rubuta. Na karanta masa, na fassara: yana nuna da wuri, ba ya tsoron fari, yana ninka na gargajiya.

“Ka san mutanen?”

“Kamfani ne, Baba.”

“Na ji kamfani ne. Ɗiyan wa ne?”

Na yi dariya. Har yau idan na tuna dariyar nan sai na ji kunya ta rufe ni. Ya ce to a raba, rabi nasa rabi nawa. Na ƙi, na ce rabin gona rabin riba ke nan, na kawo masa zancen zamani da ci gaba, har da kalmomin Faransancin da na san ba ya ji. Ya goge hannunsa a jikin buhu. Can ya ce, “To, kai ka yi karatu.”

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Bayan an gama shuka rumbu ya yi ƙasa, kamar kowace shekara a wannan lokaci, ga kuma damin tsohon iri a ƙurya ba a taɓa ba. Ni da bakina na ce wa Inna a sussuke shi, tunda ba a bukatarsa. Ta yi kamar ba ta ji ba. Na maimaita washegari. A rana ta uku Baba ya ce mata ta yi yadda mushe ya ce. Ta daka, ta dama. Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba, har na ƙara.

Jan iri ya tsiro, na riƙa yawo a gona hannu a baya kamar ni na halicce shi. Bayan noman farko ne abin ya fara nuna hali. Wani ya yi tsawo, wani ya tsuguna, wani ganyensa faɗi-faɗi. Geron maƙwabta ya yi ciki, ya fid da kai, yara suna gasa tumu, namu yana nan yana ta ganye. Wanda ya daure ya fid da kai, rabinsa shibra ce, geron banzan nan da ke zubar da ƙwaya kafin a zo yanka. Sauran kuwa maiwa ce mai son dogon ruwa, ba ta jigawarmu ba. Ruwa ya ɗauke ya bar ta tsaye. Abin da muka tara bai kai mu tsakiyar rani ba.

Na kira lambar da ke jikin buhu, ba ta shiga. Na hau mota na tafi Maraɗi da buhun a hannu, raina yana tafasa. Adireshin ya kai ni wani shago a rufe. Mai faci da ke gefe ya ce watanni biyu kawai suka yi. Ya ce da idonsa ya ga suna sayen hatsi a kasuwa, kowane iri suka samu mai araha, su juye a ganga, su zuba jan launi, su juya da itace. Ko maganin ƙwari babu. Wato ƙwayar da na hana Baba cizawa ba abin da za ta yi masa, sai dai ta gaya masa gaskiya.

Na sake ganin mai gilashin nan shekarar da ta biyo, a kasuwar Mayahi. Riguna sun koma shuɗi, suna ya canza, yanzu takin zamani suke sayarwa. Na ɗaga murya na faɗi abin da ya yi mana. Wasu suka ajiye buhunan da suka ɗauka, wasu suka ce mushe ya haukace. Shi kuwa ya ce bai taɓa ganina ba, ya ƙara sautin lasifika. Irin waɗannan kamfanoni ba su da gida, ba su da dangi, ba wanda zai je ya kai ƙararsu wurin uba. Tambayar da Baba ya yi mini ke nan tun farko na yi mata dariya.

Baba bai taɓa ce mini komai ba. Na so ya zage ni, bai yi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar girbin jan iri: ya zo gona, ya tsaya a bakin kunya, ya ce a ɗaure. Bai zaga ba. Tun ina yaro ban taɓa ganin an ɗaure dami bai zaga ba.

Inna ce ta kira ni gefe ta tuna mini da goggona, ƙanwar Baba, wadda ke aure wajen Attantane. Ta ce ranar da za a kai ta, kakanmu ya sa mata ɗan damin iri cikin kaya. Na ari babur na tafi. Goggo na hango ni ta fara tafi.

“Lale da mushe mai jan iri! An ce kun shanye kakanku a hura?”

Na sunkuyar da kai na ce haka ne, Goggo. Ta gama yi mini tsiya son ranta, sannan ta sa aka shiga rumbu aka ciro ƴan zangarniyoyi daga nata irin. Ta naɗe su a tsohon zane ta ce, “Ka ce ma yayana nasa ne, ajiya niy yi mishi.”

Baba ya kwance zanen a hankali. Ya murza, ya hura ƙaiƙayi, ya ciza. Ya daɗe yana taunawa.

“Shi ne,” ya ce. “Ya sha iskar wata gona, amma shi ne.”

Damina uku ya yi yana ninka shi a wani ɗan lungun gona, sauran gonar kuwa dawa da wake yake sa mata, kafin ya ishi shuka duka. A cikin shekarun nan bai kawo mini takarda ko ɗaya ba, wurin limamin ƙauye da malamin asibiti yake kaiwa. Na lura da hakan.

Bara na je gida hutu, muna zaune gindin bedi, wato darbejiya, sai ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini. Wasu ne suka zo suna son manoma su sa hannu, za su kawo iri da taki, su sayi wake a kaka. Na warware ta. Na karanta masa tun daga sama har ƙasa, ban tsallake kalma ba, ban ƙara ba.

Ya karɓi takardar ya ninke, ya dube ni.

“Na ji abin da takarda tac ce. Kai hwa, ka san mutanen?”

Na ce, “Ban san su ba, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya mayar da ita aljihu, ya tura mini ƙwaryar fura gabana.